Daren da Dimashƙa Ta Kusa Watsewa: Tarihin Baridi a Daular Mamluk



 Na san na kwana biyu ban rubuta komai ba, sai a yi mini afuwa. Abin da ya dawo da ni yau wani lamari ne da ya same mu a gida, wanda ya sa na koma kan wasu littattafan tarihi da na daɗe da ajiyewa.

Kwanakin baya wani ƙanena ya kama hanya da yamma zai je wani gari. Bai fi awa biyu da tashi ba sai ga saƙo ya shigo zauren danginmu na waya, cewa 'yan fashi sun tare wannan hanya, har da hoton motoci a tsaye. Na kira shi, wayarsa ba ta shiga. Mahaifiyarmu kuma ta riga ta ga saƙon kafin in kai ga ɓoye mata. Halin da muka shiga a wannan dare sai wanda ya taɓa ɗanɗana irinsa. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga kiransa, ya sauka lafiya, bai ga komai a hanya ba, cajin wayarsa ne ya ƙare. Da muka bi diddigi washegari sai muka gano cewa hoton gaskiya ne, hanyar ma ita ce, amma abin ya faru tun bara. Wanda ya turo bai yi nufin ƙarya ba. Saƙon ne ya zo babu rana, babu lokaci.

Wannan ya tuna mini da wani dare a birnin Dimashƙa a shekarar 1281 Miladiyya, lokacin da labarai biyu masu karo da juna suka shiga gari, alhali duk waɗanda suka kawo su abin da suka sani suka faɗa. Amma kafin mu kai ga wannan dare, ya kamata mai karatu ya san irin tsarin da daular Mamluk ta gina domin mutanenta da ke warwatse a bakin daga su riƙa jin juna.

Asalin baridi

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin sallar matafiyi a fiƙihun Malikiyya ya ji ana cewa ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai burudi huɗu, wato mil 48. Da yawanmu mun haddace wannan ba tare da mun tambayi daga ina ma'aunin ya fito ba. Kalmar baridi, wadda jam'inta ne burud, ana kiran ɗan aike da ita, ana kiran dabbar da yake hawa da ita, ana kuma kiran nisan mil 12 da ita. Ma'aunin da malamai suka yi mana hukuncin salla da shi, daga harkar aike ya samo sunansa.

Rumawa da Farisawa sun riga Musulmi sanin wannan tsari. A cikin Musulunci, malaman tarihi suna jingina kafa shi ga Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, Allah Ya yarda da shi, sannan Abdulmalik ɗan Marwan ya ƙarfafa shi. A zamanin Abbasiyawa shugaban baridi na kowane lardi shi ne idon halifa da kunnensa, yana rubuto masa halin gwamna da alƙali da farashin abinci a kasuwa. Ɗaya daga cikin waɗannan shugabanni, Ibn Khurdazbih, ya bar mana littafi a ƙarni na 9 wanda ya jero hanyoyi da zangunan daular. Da ƙarfin halifanci ya ja baya sai baridi ya bi shi, har sarkin Saljuƙawa Alp Arslan ya soke shi a ƙarni na 11.

Halin da Baibars ya tarar

A shekarar 1258, wato 656 bayan Hijira, rundunar Mongol, waɗanda littattafan Larabci ke kira Tatar, ta ci Bagadaza a ƙarƙashin Hulagu, aka kashe halifa. A farkon 1260 suka ci Halab, Dimashƙa ta miƙa wuya. A watan Satumba na wannan shekara sojojin Masar suka karya su a Ainu Jalut a ƙasar Falasɗinu, ƙarƙashin Sarki Ƙuɗuz. Bayan 'yan makonni aka kashe Ƙuɗuz a hanyar komawa gida, kuma da hannun Baibars a ciki, shi ne ma ya hau gadon. Na faɗi wannan ne domin kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake ba shi labari. Baibars bawa ne Baturke ɗan ƙabilar Kifcak wanda aka sayar tun yana yaro, ya taso cikin takobi, ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277 da hannu mai nauyi.

Matsalar da ke gabansa ita ce ta nisa. Babbar rundunarsa tana Alƙahira, maƙiyi kuma yana gabashin kogin Furatu, kusan kilomita 1,000 a miƙe. A bakin teku ga mayaƙan Salibiyya riƙe da Akka da Ɗarabulus da Anɗakiya, a arewa ga Armeniyawa abokan ƙawancen Mongol. Sojan Mongol kan doki yake, yana iya tsallake kogi ya yi ɓarna ya koma kafin a ɗaura sirdi a Masar. Abin da ke tsakaninsa da garuruwan Sham 'yan tsirarun mutane ne da aka zuba a ribaɗai biyu na bakin kogi, Albira, wadda yau take cikin Turkiyya da sunan Birecik, da Rahba a gabashin Siriya. Waɗannan mutane ba za su iya korar runduna ba. Aikinsu su rufe ƙofa su jure, su kuma sanar da na baya cikin gaggawa. Idan labarinsu ya makara sun halaka, kuma garuruwan da ke bayansu sun shiga uku. Saboda haka Baibars ya shimfiɗa hanyoyin sadarwa guda uku, kowace da irin aikinta.

Hanyar doki

Tun a farkon mulkinsa ya farfaɗo da baridi. Aka gina zanguna a kan hanya daga Alƙahira, ta hamadar Sina'i, zuwa Gazza da Dimashƙa, daga nan ta rarrabu zuwa Halab da bakin Furatu. A kowane zango akwai dawakai a ɗaure da masu kula da su, ɗan aike ya iso ya sauka daga gajiyayyen doki ya haye hutacce ya wuce. Tafiyar Alƙahira zuwa Dimashƙa, wadda ta haura kilomita 700, ta koma kwana huɗu, kuma wasiƙun larduna suna isa fada sau biyu a mako.

Ba kowa ke hawa dokin baridi ba sai da izinin sarki. Alƙalƙashandi, wanda ya yi aiki a ofishin wasiƙun fada kuma ya kammala babban littafinsa Subhul A'asha a 1412, ya siffanta alamar da ɗan aike ke ɗauka: wani ɗan allo na azurfa kamar faɗin tafin hannu, an zana sunan sarki a kai, ana rataya shi a wuya da ƙyallen alharini rawaya. Allon yana kwance a ƙirji cikin tufa, ƙyallen kuma yana lilo a baya, ta yadda mai tsaron zango zai hango shi ya san wannan na sarki ne, ya fito da doki ba tare da dogon zance ba. Idan ɗan aike ya dawo sai ya mayar da allon ga magatakardan sirri.

Baibars da kansa yake sauraron wasiƙun. An ruwaito cewa wata rana wasiƙa ta iso daga Dimashƙa yana cikin wanka a tantinsa, bai jira ya gama ba ya sa aka karanta masa. A 1269 kuma, yana sansani a Sham, ya sa aka ce ba shi da lafiya, ya sulale da dare cikin shigar ɗan aike da mutane kaɗan, ya bi zangunan har Alƙahira domin ya ga yadda ake tafiyar da mulki a bayansa, ya dawo sansani mafi yawan sojojinsa ba su san ya fita ba.

Hanyar tattabara

Nuruddin Zangi ne ya tsara aike da tattabaru a Sham tun wajen 1171, Mamluk suka gada suka faɗaɗa. Hikimar abin ita ce tattabara gida kawai ta sani. Ba a aikenta inda aka ga dama, sai dai a ɗauke ta daga ɗakinta a kai ta wani gari a ajiye, ranar da aka sake ta sai ta miƙe gida. Don haka kowace hasumiya tana riƙe da tsuntsayen hasumiyar da ke maƙwabtaka da ita, idan tsuntsu ya sauka a kwance takardar a ɗaura wa na gaba. Akwai kuma alfadarai da aikinsu shi ne mayar da tsuntsaye inda za a sake sakinsu. Maƙrizi ya kawo cewa a 1288 adadin tattabarun aike da ke hasumiyoyin Alƙahira ya kai 1,900.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙa'idojin rubuta wannan takarda, kamar yadda aka ruwaito daga Ibn Abdizzahir, magatakardan Baibars kuma marubucin tarihinsa. Takardar siririya ce marar nauyi, ana ɗaura ta a ƙarƙashin fiffike domin ruwan sama, daga baya aka riƙa ɗaurawa a wutsiya. Ba a cika ta da kirarin wanda aka aika wa, duk da cewa wasiƙun fadar Mamluk sun shahara da dogayen laƙubba. Ainihin magana kawai ake rubutawa. Dole a sa rana da sa'ar da aka saki tsuntsun. Ana sakin tsuntsaye biyu da saƙo iri ɗaya, a kuma ambata a cikin takardar cewa an saki wannan tare da ɗan'uwansa, domin idan shaho ya kama ɗaya ɗayan ya isa, idan kuma ɗaya ya iso a san ana jiran na biyu. A fada kuwa babu mai kwance takardar sai sarki da hannunsa. In yana cin abinci ya tsame hannu, in yana barci a tashe shi.

Ɗan'uwa mai karatu, ka dubi wannan ƙa'ida ta rana da sa'a, ka tuna da saƙon da ya hana mahaifiyarmu barci. Mutanen da suka rayu fiye da shekara 700 kafin wayar salula sun gane cewa labarin haɗari idan ba a san lokacinsa ba yana iya zama haɗari shi kansa.

Hanyar wuta da hayaƙi

Ta ukun ita ce mafi sauri. Al'umari, wanda ya rasu a 1349, kuma shi ne ya adana mana labarin ziyarar Mansa Musa na Mali zuwa Alƙahira a 1324, ya yi bayanin wasu wurare da aka ware a kan duwatsu da dogayen gine-gine, tun daga Albira da Rahba, ta Tadmur, zuwa Dimashƙa, har Gazza. A kowane wuri an zaunar da masu gadi da ake biyansu albashi, aikinsu kallon na gabansu da na bayansu. Idan Mongol suka motsa sai na bakin kogi ya kunna wuta in dare ne, ko ya tayar da hayaƙi in rana ce, na kusa da shi ya gani ya kunna tasa, haka har ƙarshe. Ɗaya daga cikin wuraren ma hasumiyar Arus ce ta masallacin Banu Umayya a Dimashƙa. Daga Gazza sai tattabara ko doki su karɓa. Ta wannan hanya abin da ya faru a Furatu da safe yana iya isa Alƙahira kafin dare.

Kowace hanya a cikin ukun nan tana da raunin da 'yar'uwarta ke rufewa. Wuta tana da sauri amma ba ta da baki, iyakarta ta ce maƙiyi ya taso, kuma hazo ko ƙura na iya tare ta. Tattabara tana ɗaukar 'yan layuka amma ba ta tashi da dare, kuma tana iya faɗawa hannun wani. Doki ya fi su jinkiri, amma yana kawo cikakkiyar wasiƙa da hatimi, tare da mutumin da za a iya yi wa tambaya. Wuta ta sa a ɗaura sirdi, tattabara ta faɗi inda za a nufa, kafin runduna ta yi nisa doki ya kawo tabbaci.

An ga amfanin wannan a Albira. Mongol sun kewaye ta a ƙarshen 1264, da suka ji dakarun Masar sun taso sai suka janye. A ƙarshen 1272 suka dawo, Baibars yana Dimashƙa, ya taso da sauri da kwale-kwale a kan raƙuma, sojojinsa suka tsallake Furatu suka fatattaki masu tsaron mashigar, masu kewayen suka gudu suka bar kayansu. Mutanen ribaɗin sun jure ne domin sun san kukansu yana isa, kuma ana amsawa.

Baibars ya san cewa hanyar da ke kawo gaskiya tana iya kawo ƙarya, domin shi ma ya yi amfani da hakan. A 1271 ya kewaye Hisnul Akrad, ƙaƙƙarfar ganuwar mayaƙan Salibiyya da ke yammacin Himsa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan kusan wata guda ana fafatawa sai aka isar wa na ciki da wata wasiƙa ta jabu, kamar daga shugabanninsu na Ɗarabulus, tana ba su izinin miƙa wuya. Suka fita a ranar 8 ga Afrilu. Mutanen da aka yanke daga 'yan'uwansu, ba su da hanya ta biyu da za su gwada saƙo da ita, sun zama abin tausayi ko da katangarsu ta kai ina. Ko mutuwarsa a Dimashƙa a 1277 ɓoye ta aka yi, aka dawo da runduna Masar ana nuna kamar yana kwance ba lafiya a cikin darbuka, sai da aka isa Alƙahira aka tabbatar da ɗansa a kan gado sannan aka sanar.

Yaƙin Himsa da daren Dimashƙa

Yanzu mun iso inda na nufa. A 1281, zamanin Sarki Ƙalawun, Abaga ɗan Hulagu ya turo babbar runduna ƙarƙashin ƙanensa Mankutamur, tare da Armeniyawa da Jojiyawa. Aka haɗu a arewacin Himsa ranar Alhamis 14 ga Rajab 680, wato 29 ga Oktoba. Fagen yaƙin yana da faɗi ƙwarai, wanda ke wannan gefe ba ya ganin abin da ke faruwa a wancan.

Ɓangaren dama na Mongol ya afka wa ɓangaren hagu na Musulmi ya karya shi. Waɗanda aka karya suka bazama kudu, wasunsu ba su tsaya ba sai Dimashƙa, wasu Safad, wasu Gazza, wasu har Masar. Masu korarsu suka bi su har bakin tafkin Himsa, suka sauka daga dawakai suka zauna suna hutawa, suna jiran sauran rundunarsu ta iso, domin a ganinsu yaƙi ya ƙare. Ba su san cewa a ɗaya gefen ɓangaren dama na Musulmi, tare da Larabawan Isa ɗan Muhanna, ya karya hagunsu ba, an kuma ji wa Mankutamur rauni, tsakiyar rundunarsu ta watse. Da jiran ya yi tsawo suka gane abin da ake ciki, suka juyo. Hanyarsu ta biyo kusa da inda Ƙalawun yake tsaye da mutane kaɗan, domin mafi yawan sojojinsa sun bi bayan masu gudu. Sai ya ba da umarni a naɗe tutoci a daina kaɗa tambura. Suka wuce ba su san sarkin Masar ne a gefensu ba. Da suna da wanda ke kai da komowa tsakaninsu da shugabansu, da wataƙila tarihin wannan rana ya sauya.

A Dimashƙa kuwa, kamar yadda Maƙrizi ya kawo, washegari bayan sallar Juma'a tattabara ta sauka da labarin nasara. Aka kaɗa tamburan bushara, aka ƙawata gari. Can bayan tsakar dare sai ga sojojin ɓangaren hagu sun iso a wahalce, suna ba da labarin abin da idonsu ya gani, cewa an karya Musulmi. Gari ya ruɗe. Mutanen da shekara 21 kacal da suka wuce suka ga Mongol a cikin birninsu, kuma suka san abin da aka yi wa Bagadaza da Halab, suka fara ɗaure kaya, aka buɗe ƙofofi, saura kaɗan jama'a su fantsama cikin daji da mata da yara a tsakiyar dare. Ana cikin haka, daidai kiran sallar asuba, sai ɗan aiken baridi ya iso da wasiƙar nasara. Aka karanta ta a masallaci, hankalin mutane ya kwanta.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, kuma bisa wannan ma'auni mutanen Dimashƙa ba su yi wauta ba. A hannu ɗaya ga 'yar takarda daga fiffiken tsuntsu, a ɗaya hannun ga mutane da jini a jikinsu suna cewa da mu aka yi. Ko ni ne da na bi masu jinin. Amma waɗannan sojoji kusurwa ɗaya ta fage suka gani, kuma a sa'a ɗaya ta yini. Sun bar wurin kafin a gama, labarinsu ya tsufa a hanya ba su sani ba. Sun iso bayan tattabara, amma abin da suke ɗauke da shi ya girmi abin da ta kawo. Mun saba jin gargaɗin da ke cikin Suratul Hujurati game da bincika labarin fasiƙi, sai muka ɗauka maƙaryaci kaɗai ne abin tsoro. Daren Dimashƙa ya nuna mini cewa mai gaskiyar da ya ga rabin abu, ya kuma zo a firgice, ya fi wuyar kaucewa, domin babu alamar ƙarya a fuskarsa. Abin da ya ceci garin shi ne akwai hanya ta biyu wadda jama'a suka san ta, suka san daga inda take fitowa, kuma ta iso a kan kari.

Yadda tsarin ya lalace

Baridi ya ci gaba da aiki bayan wannan. A 1301, bayan Gazan ya karya Mamluk a ƙarshen 1299 kuma ana tsoron dawowarsa, a kan dawakan baridi Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya tafi Alƙahira domin ya zaburar da masu mulki su fito su kare Sham. A Ramadan na 702, wato 1303, aka karya Mongol a Shaƙhab kudu da Dimashƙa.

A 1323 aka ƙulla sulhu tsakanin Sarki Nasir Muhammad da Abu Sa'id, sarkin Mongol na Farisa, waɗanda a lokacin sun riga sun musulunta. Da tsoro ya kau sai aka bar wuraren kunna wuta suka zama kufai, Al'umari ma da yake rubutu a kansu ya ambace su a matsayin abin da aka daina. Hanyar da aka shimfiɗa domin ceton rayuka ta koma har da jigilar ƙanƙara a kan raƙuma daga duwatsun Sham zuwa fadar Alƙahira, domin a sanyaya wa sarki abin sha. Da Taimur ya zo ya ci Halab a 1400 da Dimashƙa a 1401, zangunan Sham suka rushe, kuma ba a sake mayar da su yadda suke ba.

Abin da na ɗauka

A yau akwai 'yan'uwanmu da yawa da ke aiki a warwatse cikin haɗari: ma'aikatan lafiya a ƙauyukan da annoba ta shiga, masu kai agaji inda ambaliya ta yanke hanya, direbobin da ke kwana a kan titi, 'yan sintirin unguwa. Kayan aikinsu sun fi na Baibars nesa ba kusa ba, amma tambayoyin ba su sauya ba. Idan waya ta mutu ko layi ya ɗauke, wace hanya ce ta biyu, kuma an yi shawararta tun kafin a rabu? Wane ne aka san zai ɗauki kira ko da ƙarfe uku na dare ne, kuma yana da ikon yanke hukunci? Da wace alama za a gane cewa saƙo daga namu ya fito? Waɗannan abubuwa lokacin zaman lafiya ake gyara su, kuma lokacin ne aka fi yin sakaci da su, kamar yadda aka yi da wuraren wuta bayan sulhun 1323.

Mu kuma da ke zaune a gida da waya a hannu, mu sani cewa kowannenmu ya zama zango a kan hanyar labari, saƙo yana sauka a wurinmu yana neman doki ya wuce. Mai tsaron zango a zamanin Mamluk ba ya ba da doki sai ya ga ƙyallen rawaya. Tun daga wancan dare na ɗaukar wa kaina alkawari, na kuma roƙi danginmu a kai, cewa ba zan tura labarin haɗari ba sai na san wanda ya gani, da ranar da ya gani, da sa'ar. Idan na san su zan rubuta su a saman saƙon. Idan ban sani ba zan kira wanda ya turo mini in tambaye shi, in shi ma bai sani ba to saƙon ya kwana a wurina. Ƙanena kuma yanzu ba ya kama hanya sai ya bar mana lambar direba ko ta wani abokin tafiya.

Allah Ya tsare matafiyanmu da masu aiki a wuraren haɗari, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Wanda ya ga kuskure a cikin abin da na rubuta ya taimaka ya gyara mini, domin ni ɗalibi ne. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.